Ɗana ya gama buga wa jami'a tanis, an ce ya zama mataimakin mai horarwa: aiki ne ko ɗaukar jaka?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji ɗan kasuwa da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi. Ɗansa ya tashi a Yamai wurin ƙanen Alhajin, can ya koyi ƙwallon tanis tun yana yaro mai tsintar ƙwallo a bakin fili. Da ya ci bak, wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi da bursin wasa. Ya yi shekara huɗu yana buga musu, ya karɓi digirinsa, yanzu kuma mai horar da su ya ce ya tsaya ya zama mataimakinsa. Alhaji yana so ya sani: wannan aiki ne na mutunci ko ɗaukar jakar wani ne? In yaron ya iya wasan, me ya hana shi shiga gasar manya ya samu kuɗi irin na waɗanda ake gani a talbijin? In kuma bai iya ba, ba gara ya dawo gida ya kama shago ba?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Na yi shekaru ina koyar da wasanni a kwaleji da lise, na kuma horar da yara tanis a Yamai kafin in dawo gida, shi ya sa tambayarka ta taɓa ni ƙwarai. Ra'ayina shi ne ka bar shi ya karɓa, amma sai an duba wanda zai yi wa aiki, an duba takardunsa, an kuma yanka wa'adi. Ga dalilaina.

Kalmar "ya gama" ita ce za mu fara gyarawa, domin na san yadda ake jin ta a gida, kamar an sallame shi ne don ya kasa. Ba korarsa aka yi ba. Ƙungiyar da ke kula da wasannin yawancin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA, an kafa ta tun 1906, kuma daga 1973 ta raba jami'o'i rukuni uku. Dokar da ta daɗe tana aiki a rukuni na ɗaya ita ce ɗalibi ya buga kaka huɗu cikin shekara biyar. Ko shi ne gwanin gwanaye, in kakarsa ta huɗu ta cika, ya sauka ke nan. Ɗanka ya cinye rabonsa ne har ƙarshe, kuma ba kowa ke kaiwa ƙarshen ba: wasu rauni ke tsayar da su, wasu jarrabawa ke kayar da su, domin ɗalibin da sakamakonsa ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya ba ya shiga fili.

Ka kuma san irin ƙofar da ya bi ya shiga. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da bursin wasa sam. A rukuni na ɗaya kuwa, shekaru masu yawa kafin sauye-sauyen 2025, ƙungiyar tanis ta maza ba ta da izinin raba abin da ya wuce bursi huɗu da rabi, a kasa shi tsakanin yara takwas ko goma, alhali ta mata tana da takwas cif. Masu horarwar kuma duniya gaba ɗaya suke dubawa, daga Sifen, Faransa, Jamus, Ajantina har Ostireliya. Yaron da ya fito daga ƙasar da filayen tanis ɗinta ba su taka kara sun karya ba, ya samu yanki a wannan ɗan ƙaramin rabo, ya riƙe shi shekara huɗu, wallahi ya yi abin a yaba masa.

To, me ya hana shi shiga gasar manya?

Abin da kake gani a talbijin, Wimbildon da Rolan Garos, shi ne ƙololuwar dutse. Hanyar hawa tana farawa daga ƙananan gasa na hukumar tanis ta duniya, ITF, inda a mataki mafi ƙasa na maza dukan kuɗin da ake rabawa dalar Amurka 15,000 ne. (Na ce dalar Amurka da gangan, kada wani ya lissafa da dalarmu ta kasuwa.) Mutum 32 ke shiga babban jadawali. Wanda ya lashe gasar dukanta yana tashi da abin da ya ɗan haura dala 2,000, wanda aka fitar a wasan farko kuwa ko 200 ba ya samu. Jirgi, masauki, abinci, ɗaurin tsirkiyar raket, likitan gaɓoɓi, duk daga aljihunsa. Babu kulob da ke biyan albashi kamar a ƙwallon ƙafa. Ɗan wasa kan yi mako ashirin ko talatin a shekara yana yawo ƙasa zuwa ƙasa, kuma mai fasfon Nijar sai ya nemi biza kusan ko'ina zai sa ƙafa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san sunan harkar da ake zuba jari kowane mako, riba kuma sai mutum ɗaya cikin talatin da biyu ya gan ta.

Akwai waɗanda suka bi ta jami'a suka kai sama, har daga nahiyarmu. Nduka Odizor na Najeriya ya yi Jami'ar Houston, ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon a 1983. Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya yi Jami'ar Illinois, ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka a 2017 da na Wimbildon a 2018. Mayar Sherif ta Masar ta fito daga Pepperdine, ta ci kofin Parma a 2022. Amma waɗannan tun suna makaranta suna cikin ƴan ƙalilan da suka fi kowa a faɗin ƙasar. Akwai tambaya guda da za ka yi wa ɗanka, za ta raba maka gardama: a fili na nawa yake bugawa (gwanin ƙungiya ake sa wa a fili na ɗaya, a riƙa sauka har na shida), kuma sunansa ya taɓa fitowa a jerin gwanayen jami'o'i da ƙungiyar tanis ta jami'o'in Amurka, ITA, ke fitarwa? Jerin na rukuni na ɗaya mutum 125 yake ɗauka. In yana buga fili na ɗaya a babbar jami'a kuma yana can saman jerin, to maganar gwada gasar manya shekara ɗaya ko biyu tana da ma'ana, in akwai mai ɗaukar nauyi. In yana buga na uku ko na biyar, shi da kansa ya san amsar, kuma kada ka tilasta shi ya faɗe ta da baki. Yaro ya fi kowa sanin inda hannunsa ya tsaya.

Maganar filaye ta kawo mu ga aikin kansa. A karawar jami'a da jami'a a rukuni na ɗaya, ana fara wasan bibbiyu a fili uku lokaci guda, ɓangaren da ya ci biyu ya ɗauki maki ɗaya. Sai a shiga wasan ɗai-ɗai a fili shida, shi ma lokaci guda, kowane fili maki ɗaya. Jimilla bakwai, wanda ya riga kai huɗu ya yi nasara.  Kuma a wasan jami'a an yarda mai horarwa ya shiga ya zauna kusa da ɗan wasansa, ya yi masa magana ana cikin karawa. Yanzu ka lissafa: fili shida, babban mai horarwa mutum ɗaya ne, ido biyu gare shi. Sauran filayen na mataimaki ne. Sau da yawa wasan yini guda yana rataye ne a fili na biyar ko na shida, inda wani yaro ɗan shekara goma sha takwas hannunsa ke rawa, ƴan kallo na ihu, kuma wanda ke zaune kusa da shi yana da daƙiƙa casa'in na hutun sauya gefe ya gaya masa abu ɗaya da zai riƙe. Wannan kujerar ita aka ce ɗanka ya zauna a kai.

Jakar ma zai ɗauka, ba zan ɓoye maka ba. Zai tuƙa motar ƙungiya, ya kama ɗakunan otal, ya tsaya gaban injin ɗaure tsirkiya har dare, ya bi sawun yaran ko suna shiga aji, ya rubuta awoyin atisaye don kada su wuce ashirin a mako da doka ta ƙayyade lokacin kaka. Zai tsaya da kwandon ƙwallo yana jefa wa mutum guda ɗari biyu da sassafe. Amma Alhaji, a garin nan ne za a ce wannan abin kunya ne? Alhazan Maraɗi nawa ne suka fara da zama baran wani, suna buɗe shago da asuba, suna rakiyar kaya zuwa Kano da Katsina, suna kwana a kan buhu a tasha, kafin ubangida ya yarda da amanarsu ya ba su jari? Ba wanda ya ce wa bara ya faɗi. Ana cewa yana koyon kasuwa. A sana'ar horarwa ma haka ake shiga, kuma ba ta da wata ƙofa.

Babban kason aikin da ba a gani a fili shi ne farautar sababbin ƴan wasa. Kowace shekara wasu na gamawa, dole a cike gurbinsu. Mataimaki ne ke zama yana kallon bidiyon yara daga ƙasashe, yana duba makinsu a ma'aunin UTR da ke auna ƙarfin ɗan wasa daga 1 zuwa 16 da rabi, yana kiran iyaye a waya cikin dare saboda bambancin lokaci. A nan ɗanka yana da abin da Ba'amurke ɗan'uwansa ba shi da shi, wato Faransanci. Yana iya magana da uwa a Faransa, da uba a Maroko ko Tunisiya ko Kodebuwa, cikin harshen da suke ji, kuma ya gaya musu gaskiyar abin da baƙo ke tararwa, daga sanyi har kewar gida har azumi a tsakiyar kaka, domin shi ya sha. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da ubangidansa ya hango. Kada yaron ya raina wannan jari, ya san kimarsa in ana maganar albashi.

Yanzu bari in zo wurin da na fi jin tsoro a kansa, wanda ba ka tambaya ba.

Iya wasa daban, iya koyarwa daban. Ɗan wasa da hannunsa yake aiki, mai horarwa da idonsa. Wanda ya fara riƙe raket yana ɗan shekara bakwai, jikinsa ya haddace bugun har ya manta yadda ya koya. In ya ga wani ya kasa, abin da ke zuwa bakinsa shi ne "yi haka", sai ya buga ya nuna. Ni ma haka na fara. Akwai wani yaro da bugun bayan hannunsa kullum ke faɗawa raga. Na yi makonni ina nuna masa yadda ake juya wuyan hannu, ina maimaitawa, raina na ɓaci, shi ma nasa na ɓaci, har ya fara ƙin zuwa. Wani dattijo da ya girme ni a aikin ya ja ni gefe ya ce in ajiye raket, in koma bayan yaron in tsuguna, kada in dubi hannunsa ko sau ɗaya, in dubi ƙafafunsa. Ban yi minti biyar ba na gani: yaron yana makara wajen juya kafaɗa da dasa ƙafa, ƙwallo na riskarsa kafin ya shirya, hannun yana ƙoƙarin gyara ɓarnar da ƙafa ta yi ne. Mako biyu muka yi muna aikin taku kawai, ba bugu. Abin ya warware. Har yau ina jin nauyin makonnin da na sa yaron nan ya ɗauka shi ne ba shi da basira.

Wannan sauyin daga hannu zuwa ido shi ne ainihin abin da ɗanka zai koya, kuma yana cin shekaru. Yana buƙatar mutum ya kashe son a ga bugunsa. Wasu tsofaffin ƴan wasa ba sa iyawa har abada, kullum atisaye ya zama wurin nuna wa yara cewa har yanzu sun fi su. Ka ga irinsa a kokowa: ba kowane wanda ya ɗaga takobi ne ke iya fitar da wani zakaran ba, kuma sau da yawa wanda ke zaune a gefen fili yana lura da yadda abokin karawa ke ajiye ƙafa, ba a taɓa yi masa kirari a da'irar Kantu ba. Ido kuwa abu ne mai daraja. A 1971 Arthur Ashe, wanda shi ma ɗan wasan jami'a ne da ya ci kofin ɗai-ɗai na NCAA a 1965, ya zo Yawunde a Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana bugawa, ya yi magana a kansa aka kai shi Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya lashe Rolan Garos a 1983.

Sai kuma wahalar da ta keɓanta da wanda ya zama mataimaki a ƙungiyar da ya bari jiya. Waɗanda zai tsawata wa, abokansa ne. Da su ya kwana ɗaki ɗaya a tafiye-tafiye, sun san sirrinsa, ya san nasu, wataƙila tare suka riƙa gunagunin babban mai horarwa a bayan mota. Gobe zai zauna a ofis ana shawarar wa za a sauke daga fili na huɗu, kuma amininsa ne. In ya kai masa labari ya ci amanar ofis. In ya yi shiru a ce ya canza. Shawarata gare shi ita ce tun ranar farko ya tara su ya faɗa musu a fili cewa zumunci na nan, amma abin da aka tattauna a ofis ba zai fito daga bakinsa ba, abin da suka gaya masa na rayuwarsu kuma ba zai kai ofis ba sai in ya shafi lafiya ko doka. Ya daina zuwa shagalinsu na dare. Shekarar farko za ta yi ɗaci, ta biyu rabinsu sun gama, ta huɗu duk waɗanda ke fili a matsayin malami suka san shi.

Ina hanyar take kaiwa? Manuel Diaz, ɗan Porto Riko, ya buga wa Jami'ar Jojiya a shekarun 1970. A 1982 ya dawo mataimaki ƙarƙashin Dan Magill, wanda ya horar da shi. Ya yi shekara shida a wannan kujera, ya gaji ubangidansa a 1988, ya ci kofin ƙasa na ƙungiyoyi sau huɗu, a 1999, 2001, 2007 da 2008, bai sauka ba sai 2024. Ga kuma Facundo Lugones ɗan Ajantina, wanda ya buga wa wata jami'a a Teksas da ake kira TCU tare da Cameron Norrie na Birtaniya. Lugones bai yi suna da raket ba. Ya zama mai horar da abokin nasa, Norrie ya lashe babbar gasar Indian Wells a 2021, a shekarar kuma aka zaɓi Lugones gwarzon mai horarwa na gasar ƙwararrun maza. Ba na cewa ɗanka zai zama ɗayansu. Na kawo su ne don ka ga cewa kujerar mataimaki matakala ce da mutane suka taka, kuma wanda bai kai ƙololuwa da wasa ba yana iya kaiwa da horarwa.

Amma matakala tana da ruɓaɓɓen katako, kuma a nan sharuɗɗana suke.

"Mataimaki" suna ɗaya ne da ke rufe abubuwa daban-daban. Akwai cikakken ma'aikaci mai albashi da inshorar lafiya. Akwai ɗalibin digiri na biyu da ke taimakawa, jami'a ta yafe masa kuɗin karatun masta, ta riƙa ba shi ɗan abin kashewa. Akwai kuma ɗan sa-kai da ba a biyansa ko tamma. Rukuni na ɗaya ya soke wannan matsayi na sa-kai daga 1 ga Yulin 2023, amma a ƙananan makarantu har yanzu ana iya ce wa yaro ya zo ya taimaka "kafin a ga abin da hali zai yi". In wannan ne aka yi masa tayi, ya ƙi, ko da wa ya roƙe shi. Wanda na fi so masa shi ne na biyu. Shekara biyu, ya fito da masta ba bashi, ya kuma gwada sana'ar ya ga ko jininsu ya haɗu. In ta karɓe shi ya ci gaba, in ba ta karɓe shi ba yana da takarda a hannu. Ya zaɓi fannin da ke da amfani ko ba tanis, kamar tafiyar da harkokin wasanni, ko ilimin motsa jiki, ko kasuwanci. Kai kuma Alhaji ka cire rai da saƙon kuɗi a waɗannan shekaru. Abin da ake ba irinsu na haya da abinci ne. In ka matsa masa ya aiko, za ka tura shi ga abin da zai halaka shi.

Abin da nake nufi shi ne aikin ɓoye. Ɗalibi baƙo a Amurka yana kan bizar F-1, wadda ta yarda ya yi aiki a cikin jami'a har awa ashirin a mako lokacin karatu, amma ba ta yarda ya fita waje ya yi aiki ba tare da izini ba. Mai iya tanis kuwa kullum akwai mai kuɗin da zai ce ya zo ya koya wa ɗansa a ba shi a hannu. Kuɗin na da daɗi, kuma shi ne hanya mafi sauri ta rasa takardun zama. Bayan digiri akwai izinin aiki na wata goma sha biyu da ake kira OPT, amma sharaɗinsa aikin ya dace da fannin da aka karanta, don haka wanda ya karanta lissafin kuɗi ba zai ɗauka kai tsaye cewa horar da tanis ya shiga ciki ba. In jami'a na son riƙe shi cikakken ma'aikaci, ita za ta nema masa bizar aiki ta H-1B, kuma jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin da ake rabawa kamfanoni kowace shekara. Duk wannan ba a bakin mai horarwa zai ji shi ba, komai kirkinsa. Kowace jami'a tana da ofishin ɗalibai baƙi, can zai je, a rubuta masa. Kuma da yake sha'anin biza tsakanin Amurka da ƙasarmu ya yi tsauri a ƴan shekarun nan, kada ya sayi tikitin zuwa hutu sai ofishin nan ya tabbatar masa zai iya komawa. Na san mahaifiyarsa tana kewarsa. A yi mata bayani da kyau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ubangidan. A wannan sana'a sunan wanda ka yi wa aiki shi ne rabin takardarka, domin da wayarsa ake samun aiki na gaba. Tambayar da za ta nuna halinsa ita ce: waɗanda suka yi masa mataimaki a baya, ina suke yanzu? In sun zama manyan masu horarwa a wasu wurare, to mutum ne mai yaye bara ya ba shi jari. In duk sun bar sana'ar, ko ba ya son a ambace su, to mai cinye ƙarfin yaro ne ya sake ɗauko wani. Ɗanka ya nemi lambar ɗaya ko biyu daga cikinsu ya kira. Ya kuma sani cewa kujerar mataimaki a ɗaure take da ta babba: in aka sallami babba, sabon da zai zo yakan taho da nasa mutumin. Kai, ƙungiyar ma dukanta ana iya rufe ta, domin tanis ba ya kawo wa jami'a kuɗi kamar ƙwallon kwando. A 2020, lokacin annobar korona, manyan jami'o'i irin su Iowa da Minnesota sun sanar da rufe ƙungiyoyin tanis na maza. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na nace a kan masta.

Ya kuma yi amfani da lokacin ya tara shaidar horarwa. A Amurka akwai ta ƙungiyar masu koyar da tanis da ake kira PTR. Wadda ta fi tafiya a nahiyarmu kuwa ita ce ta tsarin ITF, mai hawa uku, daga koyar da masu farawa zuwa horar da manyan ƴan wasa, kuma ta hannun hukumar tanis ta ƙasa ake bi. Ya riƙa gaisawa da hukumar tamu a Yamai tun yanzu, su san akwai ɗan ƙasa a can da ke wannan aiki.

Maganar shago da dawowa gida fa? Gaskiya tanis ba ya ciyar da iyali a Maraɗi a yau. Garin kokowa ne da ƙwallon ƙafa. In ya dawo gobe da raket kawai, shagon zai zauna, kuma ba aibu ba ne, sai dai abin da ya tara shekara goma sha biyar zai ruɓe a ɗaki. In ya dawo bayan ƴan shekaru da masta, da shaidar horarwa, da sanin yadda ake tafiyar da ƙungiya da kasafin kuɗinta, da lambobin masu horarwa na jami'o'i da dama a wayarsa, wani mutum ne daban ya dawo. Irinsa na iya koyarwa a makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai, ko ya kama harkar wasannin ɗalibai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko ya zama gadar da wasu yaranmu za su bi su samu bursin da ya samu. Kano ma ba nisa, kuma gasar Dala da ake yi can ta daɗe tana tara ƴan tanis na Najeriya. Kafin Abdul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, mutum nawa ne a ƙasar nan suka ɗauki taikwando da muhimmanci? Lambar da muke da ita kafin tasa ita ce tagullar Isaka Dabore a dambe tun 1972. Abin da ke rufe irin wannan tazara masu horarwa ne da suka san aikinsu.

Ba kuma sai an jira babban fili mai tsawon mita 23.77 ba. Tsarin koyar da yara na ITF yana farawa da jar ƙwallo mai laushi wadda ba ta gudu sosai, a fili mai tsawon mita 11 kawai. Ana shata shi da alli a farfajiyar lakwal, a ɗaura igiya a madadin raga. Da haka nake yi da yaran unguwarmu da yamma in rana ta yi sanyi.

Don haka ka kira shi, Alhaji, ka fara da sa masa albarka kafin tambayoyi, domin na tabbata ya daɗe yana juya yadda zai gaya maka. Ka ce ya turo takardar tayin a rubuce, mai nuna irin matsayin, abin da za a biya, wata nawa ne a shekara, da wanda ke ɗaukar inshorar lafiya. Ku yi alkawari a kan shekara biyu, in ya karɓi masta ku sake zama, da maganar aure da ta dawowa duka a lokacin. In takardar ta zo ka ga abin da ya shige maka duhu, ka aiko mini da yaro in zo shago mu karanta tare. Ranar da takardunsa suka ba shi damar zuwa gida kuma, ka ce ya taho mini da jajayen ƙwallaye dozin biyu, akwai wata yarinya ƴar shekara tara a cikin yarana da nake so ya tsuguna a bayanta ya duba mini ƙafafunta.